Da wa wannan rubutun yake magana? Sharhi kan zubin haruffa a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu sayar da littattafan addini a Sakkwato ya san Alƙur'ani iri biyu ake shimfiɗawa. Akwai bugun Madina mai siraran haruffa, sun jeru daidai wa daida, kowane shafi layi 15. Akwai kuma na Warash, rubutun hannu mai kauri, baƙaƙensa manya, wasullansa ja, wani ma warwara ne ba ɗinki, sai dai a adana shi cikin gafaka. Dattijon da ya yi karatun allo ba ya dogon tunani, na biyun hannunsa ke kaiwa. Jikarsa 'yar Islamiyya kuwa na farkon za ta ɗauka. Gaskiya ne akwai bambancin ruwaya tsakanin Hafsu da Warash, amma ba wanda ya tsaya bin aya kafin ya zaɓa. Tun daga nesa ido ya gaya wa kowannensu wanne ne nasa.

Abin da idon ya gani shi ne zubin haruffa: kaurinsu, tsayinsu, yadda suke lanƙwasa, tazarar da ke tsakaninsu, da inda ɗigo yake zama. Kalma ɗaya ana iya rubuta ta da zubi ɗari, kuma a ƙamus ma'anarta ba za ta motsa ba. A idon mai karatu kuwa tana motsawa ƙwarai. Kafin ya san abin da takarda ta ƙunsa, zubin ya riga ya sanar da shi ko daga hukuma ta fito, ko talla ce, ko ta malamai ce, ko wasan yara. Abin da ya fi wannan nauyi, ya sanar da shi ko da shi ake, ko da wasu. A ganina wannan shi ne babban aikin zubin harafi, kuma shi ne aikin da muka fi sakaci da shi tun da rubutunmu ya koma kan kwamfuta.

Ba baƙon ilimi ba ne a garin nan. Yaron da ke matakin babbaƙu a makarantar allo da siffa yake koyon harafi, shi ya sa ake ce masa ha kuri, mim jaye, lam ara, nun guda, alu ja. Harafi ɗaya yana da suna fiye da ɗaya gwargwadon yadda ya zauna a cikin kalma. Marubucin Alƙur'ani kuma ya san abin da kowace tawada take nufi: baƙa ta baƙaƙe ce, ja ta wasulla, rawaya ta hamza. Ya san yadda zai fiƙe alƙalami ya ba shi kaurin da yake so, ya san matani da manyan haruffa ake yinsa, sharhin gefe kuma da ƙanana, don mai karatu ya rarrabe maganar mawallafi da ta mai bayani ba sai an gaya masa ba. Duk abin da ake koya wa ɗalibin zane a yau game da fifita wani layi a kan wani, yana nan a takardun da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, cikin kwafe-kwafen ayyukan Shehu Usmanu, da Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u.

Hannun da aka yi waɗannan rubuce-rubuce da shi dangin rubutun Magrib ne, wanda ya ratso Sahara tare da littattafan Malikiyya da ruwayar Warash. A nan ƙasar ya yi rassa, har masana suna rarrabe hannun Barno da na Kano. Yana da alamomin da suka raba shi da rubutun Gabas, irin na Misira da Hijaz. Mafi shahara ita ce ta ɗigo: a wurinmu fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A Gabas fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu.

Da injin ɗab'i ya zo, sai wannan bambanci ya zama maganar kasuwa. Haruffan ƙarfe na Larabci da ake da su na Nasakh ne, zubin Gabas. Bugun Alƙur'ani na Alƙahira na 1924, a ruwayar Hafsu, da shi ya bazu a duniya, daga baya kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta yaɗa hannun Usman Ɗaha, wanda alhazanmu ke dawowa da shi kowace shekara. Amma masu buga littattafai a Kano da Zariya sun fahimci almajirin allo ba ya sakewa da wannan zubi. Sai suka bi wata hanya: a sa gwanin marubuci ya rubuta littafin da hannu, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai. Haka Ishiriniya da Ahalari da Iziyya da waƙoƙin ajami suka cika kasuwanni, haka kuma Alƙur'anin hannun Sharif Bala na Gabari ya shiga gidaje da tsangayu. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Jaridun Urdu a Pakistan da hannu ake rubuta su shafi-shafi har zuwa 1981, lokacin da aka samar da zubin kwamfuta na Nastaliƙ, salon rubutun da suka saba da shi, domin masu karatunsu sun ƙi karɓar harshensu a cikin Nasakh. Mutane sun gwammace wahalar rubutun hannu da su ga maganarsu cikin zubin da ba su ɗauke shi nasu ba.

Wani zai ce wannan duk sabo ne da son zuciya. To, a duba ajami. A ce hukumar lafiya ta buga fosta da ajami don ta kai saƙo ga mutanen Wurno ko Gwadabawa waɗanda ba su yi boko ba, niyya ce mai kyau. Mai bugawa ya buɗe kwamfuta, ya yi amfani da zubin Larabcin da ya tarar a ciki, wato na Gabas. Ya rubuta "fara shan magani". Fa ɗinsa ta fito da ɗigo ɗaya a sama. Wanda idonsa ya tashi da Warash, harafin nan ƙaf ne a wurinsa, kuma da ƙaf ake rubuta ƙ a ajami. Abin da ya gani a karon farko shi ne "ƙara shan magani". Da yawa sun san tsarin biyu, za su gyara da kansu in sun duba sauran jimlar. Amma saƙon lafiya bai kamata ya dogara da gyaran mai karatu ba. Haka wasalin e: ajaminmu ya aro ɗigon imala na Warash, babban ɗigo a ƙarƙashin harafi. In zubin ba shi da shi, mai bugawa sai ya sa wasalin ƙasa, e ta koma i. Haka tsa, wadda ake yi da harafin ɗa mai ɗigo uku a sama. Rashin waɗannan ba rashin ado ba ne, canza magana ne.

An samu ci gaba a nan, ko da yake labarinsa bai kai shagunanmu sosai ba. A 2016 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta da waya, ya shigar da fa da ƙaf da nun irin na Afirka. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da zubi biyu kyauta: Harmattan, don ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga kakkauran hannun Kano na littattafan kasuwa. Wanda ya buga fostar nan da ɗayansu, dattijon ƙauye zai gan ta kamar shafin littafin da ya saba, ya matso ya karanta. Wanda ya buga ta da zubin jaridun Larabawa kuwa, mai yiwuwa a ɗauka Larabci ne zalla, a wuce, ko a girmama takardar a ɗaga ta sama ba tare da an san Hausa ce a ciki ba.

Wannan ruɗani na ƙarshe ya taɓa zama rigimar ƙasa. Rubutun da ke jikin takardun naira, wanda wasu ke kira Larabci, Hausa ce da ajami, adadin kuɗin kawai take faɗa. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka cire daga sabuwar naira 100 ta 2014, har wani lauya ya kai ƙara kotu a Legas a 2020 yana neman a cire sauran. Masu adawa ba su karanta abin da aka rubuta ba, siffar suka gani suka yanke mata ma'ana. Masu kare shi ma ba don "naira dubu" suke jin zafi ba, don siffar tana ce musu da ku ake.

Daga ina ma'anar take zuwa ke nan? Akwai masu koyar da zane da ke cewa kowane zubi da halinsa aka haife shi: mai 'yan ƙafafu a ƙarshen zane dattijo ne, marar ƙafa ɗan zamani ne, mai zagaye mai fara'a ne. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Abin ya fi kama da naɗin rawani. Yadi ɗaya ne, amma Basakkwace yana hango mai kunne biyu ya san ɗan sarauta ne, ya hango wani naɗin ya san malami ne. Baƙon da ya sauka daga wata nahiya zai ga mutane da ƙyalle a ka kawai. Ma'anar ba a cikin zaren take ba, tana cikin abin da jama'a suka daɗe suna gani tare da shi.

Tarihin baƙin rubutun Jamus ya nuna haka ƙarara. Wannan zubi mai kusurwoyi da kauri, irin wanda Gutenberg ya buga Baibul da danginsa a wajajen 1455, ya zama alamar Jamusanci na ƙarnoni. 'Yan Nazi sun yi ta amfani da shi a farkon mulkinsu, sannan su da kansu suka soke shi a watan Janairun 1941. Duk da haka, Bature da yawa in ya gan shi yau su yake tunawa. A Amurka irinsa ne a goshin jaridar New York Times, yana nufin daɗewa da nauyi. Mu kuma a nan, a saman takardar shaidar kammala makaranta muka san shi, shi ya sa mai shagon kwamfuta ke ɗauko shi duk lokacin da aka ce a yi satifiket na saukar karatu ko na karramawa. Zubi ɗaya, fassara uku, kowace da inda aka saba ganinsa.

Haka Times New Roman. An zana shi don jaridar The Times ta Landan, ya fara fitowa a 1932, kuma an matse haruffansa ne don su shiga siraran ginshiƙan jarida. Ba a yi shi don ya zama muryar hukuma ba. Ya zama haka a wurinmu saboda shekara da shekaru shi Microsoft Word ke buɗewa da shi, sai wasiƙun ma'aikatu da takardun kotu da kundin digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran jami'o'i duk suka fito a cikinsa. Yanzu in aka kawo wa ɗan kasuwa takardar kwangila a wani zubi mai rawa, zuciyarsa ba za ta kwanta ba, ko da bai iya faɗin dalili. Comic Sans kuwa, wanda aka zana a Microsoft a 1994 ana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci, ya dace da allon ajin yara. Da masana kimiyyar cibiyar CERN suka yi amfani da shi wajen gabatar da babban bincikensu a 2012, duniya ta yi ta surutu kan harafin kamar yadda ta yi kan binciken.

An gwada auna wannan tasiri. A 2012 Errol Morris, wani mai shirya fina-finai ɗan Amurka, ya sa wani gajeren rubutu a shafin New York Times, ya tambayi masu karatu ko sun yarda da abin da ya ƙunsa, ba su san kowa da zubin da aka nuna masa ba, cikin guda 6. Mutum wajen 45,000 suka amsa. Waɗanda suka gan shi a zubin Baskerville sun fi yarda, amma da 'yar tazara ƙarama, abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ina kawo wannan ne don a san iyakar abin. Harafi ba ya mayar da ƙarya gaskiya, ɗan tura zuciya kawai yake yi, kuma masu karatun Ingilishi ne aka gwada, waɗanda suka saba ganin Baskerville a littattafan ilimi. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na wasu masana biyu, Song da Schwarz, a Jami'ar Michigan a 2008. Sun ba ɗalibai bayanin wani motsa jiki, wasu a Arial, wasu a wani zubi mai kama da rubutun buroshi, mai wuyar karantawa. Na farko suka ƙiyasta aikin zai ci minti 8, na biyu suka ce 15, kuma suka fi nuna ƙyuya ga yinsa. Wahalar da ido ya sha, sai zuciya ta ɗora ta a kan aikin. Wanda ke rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, ko yadda ake zuba taki, ya kamata ya riƙe wannan da kyau.

Sai boko, inda ciwonmu ya fi bayyana kullum. Turawan farko da suka rubuta Hausa sun yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafi a gefensa don sautukan da Ingilishi ba shi da su. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 da littattafan makaranta suka saba wa jama'a da su. Zamanin tafireta, akawu kan buga k ko d, ya bi da biro ya ɗora ƙugiyar. A shekarun 1980 har an yi aikin zubi na musamman don harsunan Nijeriya, wanda shahararren mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu a ciki. Wato an daɗe da sanin matsalar.

Yau ga yadda take faruwa. Mafi yawan zubin ado da ake saukewa daga intanet an zana su ne don harsunan Turai, ba ƙugiya a cikinsu. In ka rubuta "ƙasa", kwamfuta ta nemi ƙ ta rasa, ɗayan biyu za ta yi. Ko ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsa, ko ta aro harafin daga wani zubi dabam. Shi ya sa za ka ga kalma a jikin bana, haruffanta duk masu kauri, ƙ ɗinta kaɗai siririya, ta ɗan nutse ko ta yi tsalle daga layi. Mai zane ya ga ta ɓata masa aiki, sai ya share ƙugiyar ya sa k. A haka fada da faɗa suka zama abu ɗaya a rubuce, haka baki da baƙi, haka kafa da ƙafa. Za a ce ai Bahaushe yana ganewa, kuma yakan gane. Amma yaron firamare da malami ya koya wa ɗ da safe, ya fito ya ga duk allunan gari ba ta, darasin da ya ɗauka shi ne ƙugiya abin jarrabawa ce, ba abin rayuwa ba. Hukuma ko kamfanin da ya buga Hausa haka ya nuna bai ɗauki harshen da nauyin da zai ɗauki Ingilishi ba, domin ba zai taɓa yarda a buga masa suna da harafi ɗaya a karkace ba.

Ko zubin da ke da ƙugiyar ma ba duka suka iya ta ba. Wani ya yi ta ƙanƙanuwa, a ƙaramin rubutu ta ɓace. Wani ya lanƙwasa ɓ har ta koma kamar lamba 6. Manyan haruffan, Ɓ da Ɗ da Ƙ, su aka fi mantawa, alhali su ake buƙata a kanun labari da sunayen mutane. Mu da ke bakin iyaka kuma muna da ƙarin lura: abin da muke rubutawa 'y, 'yan'uwanmu na Ƙonni da Maraɗi ƴ suke rubutawa, don haka ɗan kasuwar Illela da ke son takardarsa ta yi aiki a ɓangarorin biyu sai ya duba ko zubinsa na da ita. Abin farin ciki, magani ba tsada. Times New Roman da Arial na kwamfutocin yanzu suna da haruffan nan. Noto na Google yana da su, Charis da Andika da Gentium ma haka, kuma duk kyauta ne. Allon rubutu na Gboard a waya yana da Hausa.

A shagon kwamfuta ake yanke mafi yawan hukuncin nan, cikin minti biyar, mai aiki na tsaye a kan yaro. Alhaji ya ce, "Yaro, sa man mai kwarjini." Yaro ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw, ya gangara jerin sunaye, ya tsaya kan wani ya ce, "Alhaji, wanga shi aka yayi yanzu." Ba na ganin laifin yaran nan. Da yawansu a wurin maigida suka koya, suna da ido, suna da sauri, kuma kuɗin da ake biyansu bai kai na dogon nazari ba. Amma akwai kurakuran da suka zama al'ada. Katin ɗaurin aure shi ne babban misali. Ana ɗauko zubi mai kama da rubutun hannu, mai jela da kanannaɗewa, wanda aka zana don ƙananan haruffa su riƙe hannun juna, sai a rubuta sunan ango da amarya da manyan baƙaƙe zalla. Kowane harafi ya baje jelarsa a kan na kusa, suna ya zama ƙulli. Sannan rana da lokaci da masallaci, waɗanda su ne dalilin katin, a tura su ƙasa da siririn rubutu ruwan zinariya a kan fari. Kawun amarya mai shekara 70 sai ya nemi jika ya karanta masa. Ado yana da wurinsa, kuma biki ya cancanci ado. A bar shi a kan sunaye biyu, a rubuta sauran da abin da ido zai ɗauka a kallo ɗaya.

Wani kuskuren shi ne jan harafi. Suna bai cika faɗin bana ba, sai a kama gefensa a ja. Mai zanen harafi ya auna kaurin zanen tsaye da na kwance don su daidaita a ido. Da an ja, ɗaya ya kumbura ɗaya ya rame, rubutun ya yi kamar an taka shi. Mai kallo ba zai san sunan laifin ba, zai dai ji aikin na arha ne, kuma jin nan a kan mai shagon ko ɗan takarar zai sauka.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da ake yi wa rubutun addini. Akwai zubin boko da aka lanƙwasa don ya yi kama da Larabci, ana sa shi a fostar Maulidi da walimar sauka da gaisuwar Sallah. Ba ya karantuwa da sauƙi, kuma kwaikwayo ne na yadda wanda bai iya Larabci ba yake hango shi. Garin da ke da nasa hannun na ƙarnoni bai buƙaci wannan aro ba. Mafi muni, in aka kwafo aya ko Bisimilla aka liƙa a manhajar da ba a saita ta ga rubutun dama zuwa hagu ba, haruffan sukan rabu ɗaya-ɗaya, su juya baya. Yaron da ke bugawa bai lura ba, mai aiki yana sauri, a buga bana mai faɗin ƙafa 10 a rataye a bakin titi. Minti ɗaya na nuna wa malami kafin a kai injin ya isa ya hana wannan.

A kan titi kuma hukuncin na nisa ne da gudu. Mai kabu-kabu a Titin Ahmadu Bello daƙiƙa biyu ko uku gare shi ya karanta allo, ga rana, ga ƙura, in lokacin hunturu ne ga hazo. Zubi mai siraran zane yana narkewa a irin wannan yanayi, fenti ko tawadar bana kuma rana na cinye ta cikin 'yan watanni, siraran wuraren ne ke fara tafiya. Lokacin da Ingila ta sake allunan hanyoyinta tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, Jock Kinneir da Margaret Calvert sun zaɓi haɗa babban baƙi da ƙanana maimakon manya zalla, saboda direba siffar kalma yake ganewa daga nesa, kuma ƙananan haruffa masu hawa da sauka su ke ba kalma siffa. Tsofaffin masu rubutun fenti na garin nan, waɗanda suka rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, sun san wannan da gwaji. Sukan ja da baya su tsallaka titi su duba aikinsu kafin su ci gaba. Mai kwamfuta yana ganin nasa a tazarar kamu biyu daga fuskarsa, cikin inuwa.

Harafi yana ɗauke da shekarunsa ma. A 2017, a binciken dukiyar iyalan Firayim Ministan Pakistan na lokacin, Nawaz Sharif, an gabatar da wata takarda mai kwanan watan 2006 da aka buga da Calibri, zubin da bai shiga hannun jama'a ba sai 2007. Masu bincike suka kafa hujja da wannan cewa takardar ta jabu ce. Masu nazarin tsofaffin takardunmu ma haka suke aiki: suna duba hannun marubuci, da tambarin ruwa na cikin takarda, kamar mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya, su ƙiyasta zamani da wurin da aka yi kwafin.

Abin da nake so in gani a Sakkwato bai fi ƙarfinmu ba. Ma'aikata ko makaranta ko gidan jarida da ke rubuta Hausa su tsayar da zubi ɗaya ko biyu, kuma kafin su tsayar a buga ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da kauri da siriri, a duba da ido. Mai buga ajami ya tambayi kansa wa zai karanta, ɗan allo ko ɗan Islamiyya, ya zaɓi ɗigon fa da ƙaf a kan amsar. Sai babban aikin, wanda ke buƙatar alaramma da masanin kwamfuta su zauna tabarma ɗaya: a zaɓi hannu mai kyau daga takardun zamanin Shehu da Bello, a mayar da shi zubin kwamfuta. Aiki ne mai cin lokaci, domin yawancin haruffan suna da siffa huɗu, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe da ta zaman kaɗaici, kowace sai an zana ta, an gwada haɗuwarta da maƙwabtanta, an saita inda wasali da imala za su zauna kada su hau ɗigo. Takardun suna nan a cibiyar Waziri Junaidu da jami'a da gidajen malamai, marubutan da suka gaji hannun suna raye, manhajar zana haruffa irin FontForge kyauta ce, kuma akwai lasisin da ke ba kowa damar saukewa ya yi aiki da zubin ba tare da biyan ko kwabo ba, irin wanda aka saki Alkalami da shi.